Masu Shimfiɗa Ciyawar Roba Domin Yara Masu Tatata

A birnin Phoenix na jihar Arizona, idan bazara ta kama, masu shimfiɗa ciyawar roba kan iso gidan da za su yi aiki tun gari bai gama wayewa ba. Ranar can ba ta da wasa. A shekarar 2023 garin ya yi kwana 31 a jere kullum sai zafi ya kai digiri 43 ko ya zarce. Ma'aikatan mutum uku ne ko huɗu, da mota a-kori-kura mai jan tirela, a ciki akwai baro da shebur da manjagara, da injin da ke yanke ciyawa har saiwarta, da wani injin mai faffaɗan gindi na daddale ƙasa. Mai gidan da ya biya kafin alƙalami yana ɗokin ganin kore, ranar farko ba abin da zai gani sai rami da ƙura da tsibin tsakuwa a ƙofar gidansa.

Gidajen unguwannin Amurka ginin ne a tsakiya, sai wani fili a baya da aka kewaye da shinge. Wannan fili shi ne tsakar gidansu: nan ake gasa nama ranar hutu, nan kare ke yawo, nan ake sakin yaro idan ya fara rarrafe. Iyayen da suka gaji da taɓo, ko suka gaji da kuɗin ruwan ban ciyawa, su ne ke kiran waɗannan ma'aikata su gyara musu wani ɓangare na filin domin ɗan shekara ɗaya zuwa uku. A cikin dukan ayyukan wannan sana'a, na yaro ƙarami shi ya fi neman a natsu, domin wanda ake yi wa aikin ba ya iya cewa ƙafarsa na ƙuna, kuma duk abin da hannunsa ya kai gare shi baki zai kai.

Mutane da dama sun ɗauka don 'yan ƙwallo aka ƙirƙiro wannan ciyawa. Don yara aka fara tunaninta. A ƙarshen shekarun 1950 Gidauniyar Ford ta damu da cewa yaran manyan birane ba su da wurin guje-guje kamar takwarorinsu na karkara, ta shiga neman abin da za a shimfiɗa a makarantun da babu ƙasar shuka ciyawa. Wani reshen kamfanin Monsanto mai suna Chemstrand ya ɗauki aikin, kuma a 1964 aka yi babbar shimfiɗar farko a makarantar Moses Brown da ke birnin Providence. Sunanta a lokacin ChemGrass. Sai ga filin wasa mai rufi na Astrodome a Houston, wanda aka buɗe a 1965. Hasken rufinsa na kashe wa 'yan wasa ido, aka shafa masa fenti, ciyawar gaske ta rasa rana ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba, aka raɗa mata suna AstroTurf, duniya ta san ta. Waccan ta farko gajera ce mai kaushi, tana ɗaye fatar duk wanda ya zame a kai. Sai a shekarun 1990, da aka koma yin zarenta da roba mai laushi irin ta leda, ta zama abin da uwa za ta yarda ta ajiye ɗanta a kai.

Fari ne ya shigo da ita gidaje. Tafkin Mead, wanda Las Vegas ke sha daga gare shi, ya yi ta ja baya, har hukumar ruwan kudancin Nevada ta shiga biyan mutane kuɗi su tumɓuke ciyawar gidajensu. A Kalifoniya kuma, a 2015 ana tsakiyar fari, aka yi dokar da ta hana hukumomin garuruwa haramta wa mai gida sa ciyawar roba. Daga nan sana'ar ta buɗe. Masu shimfiɗa kafet, da masu gyaran lambu, da masu jera duwatsun daɓe suka kwararo cikinta. Babu makarantar da ake zuwa. Yaro yakan fara da tura baro, ya koma riƙe manjagara, sai an ga hannunsa ya faɗa kafin a ba shi wuƙa. A kudu maso yammacin ƙasar da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan asalin Meziko ne da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma gwiwa ita ce gaɓar da aikin ke fara ci.

Ita ciyawar kanta kafet ce. Injin da ke yinta ɗan'uwan injin kafet ne, jerin allurai na cusa zare a cikin wani yadi mai ƙarfi, a shafe bayan da danƙo don zaren ya zauna, sannan a huda ƙananan ramuka na wucewar ruwa. Shi ya sa masana'antunta da yawa a Amurka suke garin Dalton na jihar Jojiya, cibiyar kafet ta ƙasar. Naɗi guda faɗinsa ƙafa 15 ne, sai ƙarti sun haɗu suke ɗaga shi. Amma wannan koren da ake gani shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin, kuma sau da yawa bai kai rabin kuɗin da mai gida zai biya ba. Sauran yana ƙarƙashi, inda ido ba ya zuwa.

Kafin a sa shebur sai an kira lambar 811, wadda a duk faɗin Amurka ake kira don a zo a yi alamar inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Sannan a toshe bakin bututan ban ruwa, a kwashe ƙasa zurfin inci 3 zuwa 4, a fitar da duk wata saiwa da za ta ruɓe ta bar rami. A madadinta ake zuba niƙaƙƙen dutse mai haɗe da garinsa. Ba a juye shi gaba ɗaya. Ana zuba kaɗan, a baje, a yayyafa ruwa, a bi da injin daddalewa gaba da baya, a ƙara wani. Gwani yakan taka da diddige ya ga ko sawu zai fito. In ya fito, da saura. Yana kuma jan igiya ya tabbatar filin ya ɗan karkata daga jikin gini, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yadda ruwan sama zai gangara ba tare da ido ya lura da gangaren ba.

A nan ake gane mai tsoron Allah. Ana biyan aikin ne da faɗin fili, don haka duk wanda ya rage zurfin haƙa ko ya bi da injin sau ɗaya ya ci riba, kuma ranar miƙa aiki ba wanda zai iya bambance nasa da na kirki. Sai bayan damina ɗaya wuri ya lotsa, ruwa ya kwanta, kafet ɗin ya tattare ya yi ƙunci. Babba zai tsallake wannan ƙunci bai ma sani ba. Yaron da bai fi wata biyu da fara tafiya ba, wanda ƙafarsa da ƙyar take barin ƙasa, shi zai yi tuntuɓe da shi kullum.

Tambayar farko da ƙwararre ke yi wa iyaye ba ta launi ba ce. Yakan tambaya me za a ɗora a wurin, kuma daga ina yaron zai iya faɗowa. Kan yaro ƙarami yana da nauyi idan aka gwada da sauran jikinsa, shi ya sa in ya faɗi kai ne kan riga isa ƙasa. Ciyawar roba da aka shimfiɗa kai tsaye kan daddalallen dutse laushinta na ido ne kawai. A ƙarƙashin zaren tauri ne na gaske. Don haka wurin wasan yara sai an sa wata katifar soso ta musamman tsakanin dutsen da ciyawar, kaurinta daga inci 1 zuwa 2 ko fiye, gwargwadon tsayin lilo ko matakalar da za a kafa. Ba katifar kwanciya ba ce, soso ne mai tauri da ruwa ke ratsawa. Akwai ma'auni a kan haka. A Amurka ana kiransa ASTM F1292, a Turai EN 1177. Ana sako wani ƙarfe mai siffar kai, da na'ura a cikinsa, daga tsayi daban-daban, a auna ƙarfin bugun. Tsayin da lissafin raunin kai ya kai 1000 shi ne iyakar wannan shimfiɗa, kuma kowane soso na kirki yana zuwa da takardar da ta faɗi tsayin da aka gwada shi. Hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan da jama'a ke saye ta ba da shawarar shimfiɗa mai laushi ta kai ƙafa 6 a kowane gefe na abin wasa, gaban lilo da bayansa kuwa ninki biyu na tsayin sandarsa.

Abin da ke damuna shi ne waɗannan ƙa'idoji wuraren wasan gwamnati da makarantu aka fi bibiya da su. Filin gidan mutum ba jami'in da zai zo dubawa. Idan ma'aikaci ya ce ya sa soso mai inci 2 alhali rabin inci ya sa, sai ranar da yaro ya faɗo za a sani. Amana ce tsantsa, kuma ina ganin iyayen da suka tsaya a kan aikin ranar da ake shimfiɗa soson, suka nemi ganin takardarsa, ba su yi rashin kunya ba.

Ranar shimfiɗa ana warware naɗin a bar shi a rana awa ɗaya ko biyu ya saki jiki. Zaren ciyawar yana da inda ya kwanta, saboda haka dole kowane ƙyalle ya fuskanci waje guda, in ba haka ba rabin fili zai yi duhu rabi ya yi haske. Haɗa ƙyalle biyu shi ne inda gwaninta take. Ana juya gefen, a yanka ta baya da wuƙa mai kaifi a tsakanin layukan ɗinki, a zubar da layi biyu ko uku na baki, a matso da gefunan har tazararsu ta yi daidai da tazarar sauran layukan. Aikin tela ne mai haɗa zanen atamfa a kafaɗar riga: in ya dace ba mai lura, in ya kuskure kowa zai gani daga nesa. Sannan a shimfiɗa wani ƙyalle mai faɗi a ƙarƙashi, a shafa gam, a kwantar da gefunan a hankali kada zare ya maƙale a ciki, a ɗora buhunan yashi har ya kama.

A filin manya, ƙusa mai tsawon inci 5 ko 6 ake bi da ita gefe-gefe. A wurin yara mai hankali yakan nisanta ƙusa daga inda ake faɗuwa, domin a kan soso ba ta zama, tana iya ɗagowa da kai a hankali. Gara ya kafa katako ko roba mai kauri a kewaye, ya manne bakin ciyawar a jikinsa, ya tura ragowar ƙasa yadda ɗan yatsa ba zai sami abin ja ba. Wanda ya taɓa zama da ɗan shekara biyu ya san in akwai baki ɗaya da ya ɗago a duk filin, shi zai gano.

Daga nan sai abin da ake barbaɗawa a tsakanin zaren don ya miƙe tsaye kuma kafet ɗin ya yi nauyi. A filayen ƙwallo garin tsofaffin tayoyin mota ake zubawa, baƙaƙen ƙwayoyi masu shiga takalmi da gashi. Shekaru ana muhawara a kan sinadaran da ke cikinsu, kuma a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da irin wannan garin roba don filaye ba, saboda yadda yake bazuwa cikin ƙasa da ruwa. Ko me muhawarar ta haifar, ban ga hujjar zuba garin taya a inda mai rarrafe ke tsintar abu yana kaiwa baki ba. Masu aikin gidaje na kirki wankakken yashi mai mulmulallen ƙwaya suke sawa, su bi shi da injin burushi har ya nutse can gindin zaren. Su kansu sai sun rufe hanci lokacin zubawa, don ƙurar yashin na illa ga huhu.

Maganar sinadarai ba tsoro ne na banza ba. A 2008 an gano dalma a ƙurar wasu tsofaffin filayen roba a jihar New Jersey, daga fentin da aka rina zaren da shi, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani a kan haɗarinta, ko da yake abin da aka samu a can bai kama ƙafar namu ba. Manyan kamfanonin sun rage dalmar bayan Kalifoniya ta kai su kotu. Daga 2019 kuma aka fara samun sinadaran da ake kira PFAS a wasu samfura, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum. Shi ya sa mai sana'ar da ya san abin da yake yi ba ya sayen kaya marar suna don araha, kuma ba ya karɓar tsohuwar ciyawar da aka ɗaye daga filin ƙwallo ya kai gidan mai goyo.

Duk wannan ana iya magance shi da gaskiya da kuɗi. Abin da ba a iya magancewa shi ne rana. Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta, tana sanyaya kanta. Roba kuwa sha take ta riƙe. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta jihar Utah sun auna filin robarsu ya kai digiri 93 a ranar da zafin iska yake wajen 37. Da suka ba shi ruwa ya sauko daga 79 zuwa 29, amma cikin minti 20 ya koma sama da 70. Na gidaje da babu garin taya ba ya kai haka, amma yana kai inda zai ƙona tafin ƙafa. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, kuma ɗan tatata in ya ji zafi ba gudu yake ba, tsayawa yake a wurin yana kuka, wani lokacin ma ya zauna. Akwai kuma wata matsalar da sababbin gidaje suka kawo: gilashin taga mai mayar da zafi yakan tattara hasken rana wuri guda har ya narka ciyawar, a tashi a ga wani dogon tabo a ƙanƙance. Wanda ya daɗe a sana'ar, kafin ya auna fili, yakan ɗaga kai ya dubi tagogin gidan da na maƙwabta.

Ma'aikacin da nake girmamawa shi ne wanda zai tsaya a filin ya tambayi inda inuwa take da hantsi da inda take da la'asar, ya ce wa mai gida a matsar da wurin wasan gindin bishiya ko gefen da gini ke karewa, ko a kafa rumfa tukuna. Wani lokaci gaskiyar ita ce a rage aikin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka kira shi ya yi, wato ya rage wa kansa kuɗi da bakinsa. Akwai masu yin haka, kuma su ne ake ba da lambarsu daga gida zuwa gida.

Masu talla kan ce ba ta bukatar kulawa. Tana bukata. Ƙasa tana cinye fitsari da aman yaro da kashin tsuntsu, roba ba ta cin komai, sai an wanke da tiyo. Ganye in ya taru ya ruɓe, ciyayi na tsirowa a kai. Inda ake yawan takawa zaren na kwanciya sai an taje shi. Bayan shekara 10 zuwa 15 ta gama aiki, kuma da yake roba iri-iri ce aka manne da yashi a ciki, sake sarrafa ta na da wuya, mafi yawanta juji take ƙarewa. Shi ya sa iska ta fara juyawa. A 2023 Kalifoniya ta mayar wa garuruwa ikon hana ta a gidaje. A nawa ganin, ɗan fili mai inuwa da soso a ƙarƙashi, inda yaro zai faɗi ya tashi ba taɓo ba ƙaya, abu ne mai amfani. Amma a lulluɓe gida kaf da roba, a hana yaro ƙasar da zai tona da tururuwar da zai bi da ido, wannan an tauye shi.

Kayan sun iso gare mu tuni. A Kano da Kaduna da Abuja masu sayar da kafet na yanka ta da mita, masu kwalliyar biki na shimfiɗa ta, ƙananan filayen ƙwallo na haya sun yawaita, makarantun rainon yara masu zaman kansu kuma na sa ta a farfajiya don iyaye su gani su yaba. Sau da yawa a kan siminti ake manna ta, ba soso, ba rumfa, a kafa lilo a kai. Siminti da aka rufe da kore ya fi siminti tsirara haɗari, domin mai kula da yara na ganin laushi sai ta saki jiki. Ranar Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu tana wuce digiri 40, ƙurar hunturu na toshe ramukan ruwa, ruwan Agusta kuma in bai sami gangare ba zama zai yi. Duk mai makarantar da ya sa ta, ya fita da rana tsaka ya ɗora bayan hannunsa a kai na 'yan daƙiƙoƙi. In bai iya jurewa ba, kada a fito da yara.

Masu aikin intalok namu sun riga sun mallaki rabin sana'ar. Suna da injin daddalewa, sun san garin dutse, sun san fitar da gangare da igiya. Abin da ya rage musu shi ne koyon haɗa baki, da neman soson da aka gwada a maimakon na kujera, da ƙarfin halin gaya wa Alhaji cewa wurin da ya nuna rana ta yi masa yawa, a koma gindin darbejiya.